Daɓen da Gwiwoyi Suka Cinye

Ku matso nan, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Jiya na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana cewa wai daɓe ai dukan ƙasa ne kawai, kowa ya samu itace zai iya. Na yi shiru don ina alwala. Yau bakina a sake yake. Ni Ige, da madaɓi na yi ƙuruciya, da shi na tsufa. Mai rubutawa ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini.

Ɗakin farko da aka bari na sa hannu a Badarawa ne, ɗakin wata tsohuwa mai daddawa. Gwaggona Hassu ce uwar daɓen garin. Kafin wannan rana na daɗe ina bauta mata, ban taɓa madaɓi ba. Ni ce mai ɗauko burji, jan tsakuwar nan da ake haƙa a tudu, in tankaɗe shi, manya gefe, ƙanana gefe. Ni ce mai jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa ke nan, har ruwan ya yi duhu ya fara kama yatsa. In bai nuna ba daɓe ya yi gari, in ya wuce ya yi wari. Madaɓin kansa na ƙirya ne, masassaƙi ke fafe shi daidai hannun mai shi, shi ya sa ba a aronsa. Ranar da Gwaggo ta miƙo mini nawa, sai ta nuna mini gurbi a ƙarshen layi.

Ga yadda ake yi. A share ɗaki, a daidaita ƙasa, a baza burji, a yayyafa ruwa. Mata su jeru a durƙushe tun daga ƙuryar ɗaki, suna duka suna ja da baya har bakin ƙofa. A yayyafa makuba, a koma ƙurya. A sake, a sake, a sake, har ƙasa ta daina amsawa da taushi ta fara ƙara kamar ƙwarya. Kuma madaɓai tare suke sauka. In ɗaya ya riga ɗaya, nan ya danne can ya tashi. Abin da ke haɗa hannuwa waƙa ce. Daga baya da na zama uwar daɓe, ƙawata Kulu ce mai ba mu waƙa, bakinta kuwa ko maigida bai tsira ba. In an gama, a ja ƙofa, ko kaza kada ta shiga sai ya bushe.

Doka ɗaya Gwaggo ta fi tsananta mana. Ɗaki guda, aiki guda. Ba a daɓe rabi yau a dawo rabi wata rana, don inda ɗanye ya haɗu da busasshe sai ya bar gaɓa, layi kamar tabon wuƙa, ba ya ɓacewa. Duk baƙon da ya shigo, kafin ya gaishe da masu gida zai tambayi wace ce ta yi wannan. Na taɓa ganin ta sa an farfashe ɗaki sukutum don hadari ya kore mu muna tsakiya.

Shagon wani mai niƙa a Shinkafi ne ya koya mini cewa daɓe yana faɗin zaman da aka yi a kansa. Nasa a gindin dutse ya fara ci. Na mai jego a gaban gado. Na zauren mai fatauci inda ake sauke buhu. Masallacin wata unguwa a Ɗan Isa kuwa, bakin ƙofa ne ya lotsa, ƙarƙashin tabarmi yana nan da shekinsa. Ko an rufe mini ido, tafin ƙafata zai gaya mini sana'ar mai ɗaki.

Ana nan, ana nan, aka yanka mana jiha tamu. Gusau ta zama babban gari, manyan motoci suka fara shigo da siminti har ƙauye. Wanda ya ci riba a kasuwa sai ya kira birkila. Aikinmu ya fara ja baya.

A wannan tsakanin ne Rahila ta zo gidana a Kaura. Kirista ce, mutuniyar kudu, mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya rasu ya bar ta nan, ta fi wasu 'yan gari daɗewa a garin. A rijiya muka saba. Ta ce cocinsu na bayan tasha, wani ɗan ginin ƙasa mai rufin kwano, yana son sabon daɓe. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ƙasa za ki daɓe ba sujada za ki yi ba, maƙwabci kuma yana da hakki. Muka je da matana, aka fitar da bencina, muka yi shi a tashi ɗaya. Kulu ta yi wa fastonsu waƙar gashin bakinsa, yana waje yana dariya. A lokacin ranar Lahadi cocin nan cika yake har taga. Da ya bushe na taka, na ce wa Rahila wannan sai jikokinki sun gaji da shi.

Sai Shari'a ta zo. Na yi murna kamar kowa, ba zan ɓoye ba. Amma sana'armu ta ji a jikinta. Ba wanda ya zo mana da bulala, sai dai magana ta yi yawa cewa muryar mace kada ta tsallake katanga, masu gida suka fara cewa a yi aiki amma ban da waƙa. Hannuwa suka warwatse. Baƙin garin kuma tsoro ya shige su. A unguwarmu ban ga an taɓa kowa ba, amma labarin wasu garuruwa yana zuwa, kullum sai ka ga mota an ɗaure katifu a samanta ta nufi kudu. Masu kayan gyaran mota, masu kantin magani, malaman makaranta, wasu suka tura iyali, wasu suka bi su. Wannan ita ce muguwar shekarata.

Aiki ɗaya nake hange. Hajiya Mairi ta Zurmi ta yi sabon sashe mai ɗakuna da yawa. Ita daɓe take so don sanyinsa lokacin bazara, 'ya'yanta siminti suke so. In na samu wannan, matana sun ci rani, sunana kuma ya tashi.

Ran wata Alhamis a kasuwar Shinkafi muna zaɓen makuba ni da Kulu, sai ga Mamman birkila, wanda shi ma Zurmi yake hange.

"Inna Ige, ina gajiya? An ce daɓenki na bayan tasha ya yi kwari kamar hanyar shanu. Ko shekara biyu bai rufa ba, kuma ba kowa a ciki."

Kulu ta ce, "Kai ɗan nema, simintinka da ke faso kamar diddigen kakarka, shi za ka yi muna baki da shi?"

"Gwaggo Kulu, ni dai tahi ki gani. Hajiya ma ta ji."

Ta ji kuwa. Kafin mu bar kasuwa saƙonta ya same ni: in ya tabbata aikina bai riƙe ba, ba ta da bakin da za ta tare 'ya'yanta.

Da hantsi washegari na isa cocin. Na cire takalmi a ƙofa. Fasto ya ce, "Inna, shigo da abinki, mu ba ma cirewa." Na ce, "Ɗana, da ƙafa nake gani."

Na taka. Bakin ƙofa, inda ya kamata ya fara ci, lafiya lau. Tsakiya lafiya lau. Sai da na shiga tsakanin bencina ƙafata ta faɗa kwari. Na ɗaga kai, rufi ba ya yoyo. Na duba gindin bango, babu gara. Na sa farce na karta, ƙasa tauri kamar dutse, ba gari ta yi ba. Kwarin kuma sumul yake kamar cikin tsohon akushi. Ba ɗaya ba ne, biyu ne a jere, suna tafe tare a gaban benci, in sun kai ƙarshe su karya kwana su shiga na gaba, haka har bayan ɗaki. Na yi shekaruna ina karanta ƙasa, ban taɓa ganin irin wannan sawu ba. Ba na turmi ba ne, ba na buhu ba, ba na dabba ba.

Ina tsugune sai na ji motsi. Ashe akwai mutum a ɗakin tun shigowata. Wata mata ce a benci na gaba, a durƙushe, ta kifa goshi a kan hannuwanta, bakinta yana motsi. Ta jima. Sai na ga ta ja gwiwa ɗaya, ta ja ɗayar, ta matsa kamar zira'i guda, ta sake kifa kai. Gwiwoyinta a cikin kwarin nan biyu suke, daidai wa daida.



Rahila ta shigo ta same ni a haka. Ta ja ni waje gindin dogon yaro, muka zauna.

Na ce, "Rahila, mi kuke yi wa ƙasata?"

Ta ce, "Ki yafe mana, 'yar'uwa. Kunya ce ta hana ni zuwa in gaya miki. Kin san kowa a coci yana da wurin zamansa, ba a rubuta ba amma an sani. Can gaba Malam Bitrus na makaranta. Kusa da shi Maman Chidi da yaranta. Ta taga Iya Bose mai burodi. Da suka tafi, muka rage mu tsofaffi da waɗanda ba su da inda za su. Sai muka yi wa Ubangiji alkawari. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ɗakin nan ba zai rasa mai addu'a ba. Wata ta tashi wata ta karɓa. Kowace ta fara daga gaba, ta durƙusa a wurin mutum ta kira sunansa, ta roƙa masa tsari da abinci da hanyar dawowa, sannan ta matsa wurin na kusa da shi. In mun gama da namu, mu roƙa wa garin, da masu mulkinsa, da maƙwabta."

"To ba ku iya miƙewa ku taka?"

"In na miƙe kamar na sallame su ne. Kuma a shekaruna, in na miƙe sau ɗaya, komawa ƙasan sai an kira mutane."

Ta ɗage zani kaɗan. Gwiwoyinta sun yi baƙi sun yi kanta kamar na raƙumi.

Fasto ya zo ya tsuguna gefe. Yaro ne a kanmu, amma ya rame. Ya ce, "Inna, in gaya miki gaskiya, kayana a ɗaure suke tun bara. Ranar Lahadi wa'azina ba ya cika benci biyu. Kullum sai in ce gobe zan kulle in kai makulli. In na zo da kwaɗo a hannu sai in tarar da wata a durƙushe. Ba a kulle ƙofa da mutum a ciki. Haka gobe, haka jibi. Ba ni ke riƙe da cocin nan ba."

Na ce to, gyara ba wuya. A fitar da bencina, mu fasa, mu sake a tashi ɗaya, a ja ƙofa har ya bushe. Su yi addu'arsu a gida kwana kaɗan.

Rahila ta girgiza kai. "Allah yana ji ko'ina, mun sani. Amma ɗakin nan muka ambata a alkawarin. Kuma in aka ja ƙofar nan, ba na jin za a sake buɗe ta." Ta dubi Fasto, shi kuma ya dubi ƙasa. "In ba hali, ki bar shi da kwarinsa. Sai dai ɗaya daga cikinmu, Saraya, ta faɗi a ciki makon jiya, ta gurɗe ƙafa. Ba a iya yin rabi, mu koma rabi?"

Kulu, da ta biyo ni, ta ja ni gefe. "Ige, gaɓa hwa take nuhi. Mamman na da idanu a garin ga. Yau a ce aikinki ya ci, gobe a ce kin yi mai gaɓa? Gwaggo Hassu ta ji wanga a kabari sai ta juya. Ki tahi Zurmi ki gaya ma Hajiya dalili, shi ke nan."

Faɗin dalilin ma ba hali, don Rahila ta riga ta roƙe ni. Ta ce kada in kai maganar kasuwa, lokacin ba na jawo ido ba ne, addu'a kuma ba abin talla ba ce.

Na tsaya. Na dubi ƙofar, ina hango bayan matar nan, ta kai benci na uku. Ni ma a durƙushe na ci abincina duk rayuwata, na san abin da ƙasa ke yi wa gwiwa, amma ban taɓa sanin gwiwa na iya rama wa ƙasa ba. Na ce wa Kulu, "Jiƙa makuba. Ki ƙara bagaruwa."

Aka kafa zana a tsakiyar ɗaki, daga ƙofa har gaban bagadi, wurin da fasto ke tsayawa. Aka tara bencina a hagu, muka fasa dama. A layin gwiwoyi na sa manyan burji a ƙasa, na bi da ƙanana, na ninka makuba. Muka jeru. Ba waƙa, don ko nan Kulu ba ta yarda muryarta ta fita titi ba. Madaɓai suka yi ta sauka barkatai kamar ruwan farko a kan kwano. Na tsayar, muka sake, haka dai.

Ranar matan cocin sun taru su da yawa a bayan zana. Muryar Rahila ta taso, ba da ƙarfi ba. Ta kira suna, ta yi roƙo gajere, sauran su ce amin. Ta kira wani, su ce amin. Ban san wadda ta fara ba, ina jin Kulu ce, sai na ji madaɓi ya sauka a kan amin ɗin. Na gaba ya bi. Kafin a kai ƙarshen layi, hannuwa duka sun zama hannu ɗaya. Suna, roƙo, dum. Suna, roƙo, dum. Ni salati nake a bakina, su da addininsu mu da namu, amma amin ɗin nan ba wanda ya koya wa wani. Kwanon rufi ya ɗauka yana amsawa. Ƙasa tana motsi a ƙarƙashin gwiwata kamar ƙirjin mai barci. Na yi daɓe a gidajen sarauta da kaɗe-kaɗe, ban taɓa jin madaɓai sun haɗu irin na ranar ba. Ba wadda ta ce a huta, ba wadda ta nemi fura.

Can sai muka ji Rahila ta ce, "Ya Uba, matan nan da ke daɓe, ka ƙarfafa hannuwansu, kada ka bar tukunyarsu a kife."

Kulu ta ce "Amin!" da ƙarfi har ta fi masu ɗakin. Sai ta toshe baki ta dube ni. Na ce, "Ci gaba da duka dai, ba ki yi saɓo ba."

Da dama ta bushe suka koma can, muka fasa hagu. Na yi duk dabarar da na sani a mahaɗar. Na yanke bakin a karkace, na rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, na bi shi da hannuna ni kaɗai. Duk da haka gaɓar ta fito. Layi ɗaya, daga ƙofa har bagadi.

Maganar ta riga ni zuwa Zurmi. Hajiya Mairi mutuniyar kirki ce, ta aiko mini da goro da ban haƙuri, Mamman ya zuba mata siminti. Wasu gidajen da suka yi mini magana su ma suka yi shiru. Matana suka watse, wata ta koma surfe, wata ta koma ƙauye, Kulu ta kafa kaskon awara a ƙofar gida. In an tambaye ni abin da ya sami aikin bayan tasha, sai in ce ƙasa ce.

Daga nan kusan cocin nan kaɗai ya rage mini. Duk ƙarshen damina Rahila za ta aiko, kwarin ya dawo. Duk burjin da na sa, duk makubar da na ninka, gwiwoyin nan sai sun ci. In kira Kulu da waɗanda suka samu, mu kafa zana, mu cike, su ci gaba. Ƙasar da kofaton jaki bai ci ba, ƙasar da taɓarya ba ta ci ba, tsofaffin mata masu ciwon baya suna cinye ta shekara bayan shekara.

Kwanci tashi, wata shekara damina ta wuce ba aike. Aka yi girbi, ba aike. Na ce ko dai Rahila ta kwanta, ko an sa kwaɗon nan. Ran wata Lahadi na ɗauki sandata na tafi, na zauna gindin dogon yaro daga nesa. Waƙa na ji tana fitowa ta tagogi, mai kauri, da muryoyin maza a ciki. Da aka tashi mutane suka yi ta fitowa, suka yi ta fitowa, yara suna guje-guje. Na ga mai burodin nan, ta yi furfura. Da yawa kuwa ban san su ba.

Da aka ragu na cire takalmi na shiga. Na bi gaban benci na farko, na bi na biyu, na bi har baya. Cikon bara yana nan yadda na bar shi, ko ɗan lotsawa babu.

Rahila tana zaune a kujera kusa da ƙofa. Gwiwoyin sun ƙi lanƙwasuwa gaba ɗaya, sai an ɗauko ta.

Na ce, "Kun daina ne?"

Ta ce, "Ba mu daina ba. Ba duka suka dawo ba, 'yar'uwa. Malam Bitrus can ya rasu. Wasu sun kafa a garinsu. Amma ba wurin da ya rage babu mai shi. Yanzu kowa yana durƙusawa a gurbinsa, ya kira sunan kansa da bakinsa. Ba sauran ja."

Na ce, "To ni kun kore ni daga aiki ke nan."

Ta yi dariya har da hawaye, ta kama hannuna da nata biyu, ta juya tafin tana duba kantar. 

Na dawo gida kafin azahar. Na wanke madaɓina, na shafe shi da man kaɗanya, na rataye shi a bayan ƙofa. Tun ranar ban sake dukan ƙasa ba.